CapCut a hannun ɗaliban Accra masu aikin bidiyo na rukuni

Aikin bidiyo na minti 3 zuwa 5 ya zama ruwan dare a manyan makarantun Accra. Malami ya kasa aji rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, ya ce nan da mako biyu kowane rukuni ya kawo masa faifai a kan shara da magudanan ruwa, ko wata sana'ar hannu, ko tallan wani kaya. Ko a Legon ne, ko UPSA, ko UniMAC, ko kwalejin Musulunci da ke Adjiringanor, da wuya a ga rukunin da bai fara buɗe CapCut ba, domin dama tana cikin wayar wani daga cikinsu. Wannan sharhi na irin waɗannan ɗaliban ne, na gaba da sakandare. 'Yan sakandaren kwana ba a ma yarda su riƙe waya ba, balle a yi zancen tace bidiyo da ita.

CapCut manhajar tace bidiyo ce ta kamfanin ByteDance, masu TikTok. Akwai ta waya, akwai ta kwamfuta, akwai wadda ake buɗewa kai tsaye a intanet. Ta wayar muke magana, don ita ke hannun ɗaliban Nima da Maamobi da Fadama da Madina, a kan Tecno da Infinix da ƙananan Samsung. Ra'ayinmu a kanta tun daga farko shi ne: ɓangarenta na kyauta ya ishi aikin aji har da ragowa, ba sai an biya ko pesewa ɗaya ba. Sai dai an gina ta ne don mutum ɗaya mai waya ɗaya da ke son ya saki abu a TikTok kafin dare. Aikin mutum shida da wayoyi shida, wanda za a haska da majigi a gaban aji, wani abu ne daban, kuma mafi yawan wahalar da rukuni ke sha daga wannan saɓanin take fitowa.

Wajen yanka da jerawa ba ta da makusa. Ana zaɓo faifan, su jeru a layi ɗaya a ƙasan allo, da wani farin layi a tsaye a tsakiya mai nuna inda aka tsaya. A ja faifan har gurbin da ake so ya zo daidai farin layin, a taɓa shi, a danna Split, a goge ɓangaren da ba a so, sauran su matso su cike gurbin da kansu. In aka buɗa yatsu biyu a kan layin, sai ya miƙe har a iya yanka tsakanin kalma da kalma. Ko wanda bai taɓa tace komai ba, zai iya wannan a zama ɗaya. Ɗora hoto a kan hoto, rage gudu, naɗar murya a kan bidiyo, ciro sauti daga wani faifai, duk suna nan a fili. A kan waya mai RAM na 4GB tana tafiya lafiya da bidiyon 1080p, matuƙar ba a lafta mata abubuwa huɗu ko biyar a kan juna ba.

Tara faifai wuri ɗaya

A nan ake fara samun matsala, tun ba a buɗe manhajar ba. Aikin da aka fara tacewa a CapCut yana zaune ne a cikin wayar da aka fara shi. Ba fayil ɗaya ba ne da za a tura wa abokin aiki ya ɗora daga inda aka tsaya. Akwai wurin ajiya na intanet da kamfanin ke bayarwa, amma yana buƙatar a buɗe asusu, na kyauta ɗan kaɗan ne, kuma ɗora ɗanyen bidiyo a can cin data ne mai yawa, ko MTN ake amfani da shi ko Telecel ko AT. Abin da ke aiki shi ne a zaɓi waya ɗaya tun ranar farko, a ce a kanta za a tace komai. Ba wayar shugaban rukuni ba, kuma ba wadda ta fi kyamara ba: wadda ta fi fili a ma'ajiya da RAM da batir mai riƙo, kuma mai ita zai iya haƙura da ita na wasu awowi.

Ga lissafin fili. Minti ɗaya na bidiyon 1080p daga wayar talaka yakan kai wajen 100MB zuwa 130MB. Mutum shida, kowa ya ɗauki minti 10, an doshi 7GB ke nan, kafin a ƙara abin da manhajar ke tarawa na wucin gadi da kuma faifan ƙarshe, wanda ba sau ɗaya za a fitar da shi ba. Waya mai 64GB da ta cika da hotunan biki da saƙonnin WhatsApp ba za ta ɗauka ba. A share aƙalla 10GB kafin a fara. Kada kowa ya ɗauka da 4K. Yana cin ninki biyu zuwa uku na filin, yana sa ƙaramar waya ta yi zafi ta riƙa cijewa, kuma majigin aji ba zai nuna bambancin ba.

Yadda faifan ke isa wayar tacewa shi ne ya fi ɓata ayyuka. Kowa ya saba ya jefa bidiyo a zauren WhatsApp na rukuni, shi kuwa WhatsApp matse bidiyo yake yi don ya rage nauyi. Abin da ya fito tangaram daga kyamara sai ya iso da dishi-dishi, musamman inda akwai motsi ko duhu. A kan allon waya ba a cika lura ba, sai an haska a bango fuskoki su narke. In ya zama dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, ta alamar maƙala takarda a zaɓi Document; ta nan ba a matse shi, kuma yana ɗaukar har 2GB. Amma wannan data ce sau biyu, ta mai turawa da ta mai saukewa. Mafi araha a haɗu a zauna, a tura da Quick Share ko Xender, waɗanda ba sa taɓa data, ko a sayi filashi mai bakin USB-C a kasuwar wayoyi ta Circle, a riƙa zagayawa da ita. Abu ɗaya game da filashi: in tsarinta FAT32 ne, ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai a ga ta ƙi alhali da fili a ciki.

Da faifan sun iso, a sauya musu suna. Wayoyi lambobi da kwanan wata suke sakawa, kuma faifai 40 masu suna iri ɗaya ɓata yini ne. A sa 01 gabatarwa, 02 hira da mai waakye, 03 bakin kwata, haka har ƙarshe, a zuba su a jaka ɗaya.

Sai kuma babban tarko. CapCut ta dogara ne da ainihin faifan da ke cikin wayar. Mai waya ya ga fili ya ƙare, ya ce ai an riga an sa su a CapCut, ya goge na cikin ma'ajiyar hotuna, ko ya danna manhajar share tarkace da ta zo da wayar. Washegari a buɗe aikin a tarar da gurabe babu hoto. Haka in aka cire manhajar aka sake sakawa, ko aka goge bayananta daga saitin waya: ayyukan da ba a ɗora a intanet ba sun tafi. Kada a goge komai sai malami ya ba da maki, kuma ɗanyen faifan su kasance a wuri biyu.

Abin da ya kamata a yarda a kai kafin a ɗauki komai

A kwance za a riƙe waya. Hannun da ya saba da TikTok a tsaye yake ɗagawa, kuma CapCut kan bi siffar faifan farko da aka saka. Majigi da allon laptop kuwa a kwance suke, 16:9. In uku sun ɗauka a tsaye uku a kwance, zaɓi biyu ne kawai ya rage: a bar baƙaƙen shinge dama da hagu, ko a zuƙo hoton ya cika allo a yanke kawuna. Manhajar na iya cike gefen da dusasshen hoto, wanda ya fi baƙi kyan gani, amma faci ne kuma malami ya san faci. Da an buɗe sabon aiki a saita siffar a 16:9 kafin a taɓa komai.

A kuma daidaita adadin firem, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa. Kowa ya sa 1080p da firem 30 a daƙiƙa. Wutar Ghana a kan 50Hz take, shi ya sa wani lokaci bidiyon da aka ɗauka a ƙarƙashin dogon ƙwai ko LED mai araha yake fitowa da layuka masu rawa. In wayar na da zaɓin firem 25, ko saitin hana ƙyaftawa na 50Hz, shi ne maganin. In ba ta da shi, a kashe ƙwan a matsa kusa da taga. Mai iPhone a cikin rukuni ya kashe HDR na bidiyo, ya kuma sa tsarin kyamara a Most Compatible. In bai yi ba, faifansa kan fito fari fat ko launi ya saɓa idan aka jera shi da na Android, wani lokaci ma ƙaramar waya ta kasa kunna shi sumul.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke hana dawowa ɗauka karo na biyu. A goge gilashin kyamara da gefen riga, don maiƙon yatsa ke sa hoto hazo. A sa waya a yanayin jirgi, kada kira ya katse hira. A danna fuskar mai magana a riƙe har haske da saiti su kulle. Wannan na da muhimmanci a wurinmu: mutum baƙi sanye da farar jallabiya, ga sararin sama a bayansa, kyamara za ta auna hasken rigar da na saman, ta bar fuskar cikin duhu. A juya shi ya fuskanci haske, ko a sa shi a inuwa, wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar masa da haske a fuska. Rana tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido. Safe da bayan La'asar sun fi. Sai dai a tuna rana a Accra wajen ƙarfe 6 take faɗuwa duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Rukunin da ya ce a haɗu ƙarfe 5, aka taru 5 da rabi, ya riga ya rasa ranar. A bar daƙiƙa 3 kafin magana da 3 bayanta a kowane ɗauka, don a samu wurin yanka.

Ko kasuwar Nima za a shiga ko wata unguwa, a nemi izini kafin a ɗaga waya. A gaishe da Hajiya mai rumfa, a ce aikin makaranta ne, a faɗa mata inda za a nuna shi. Yara sai da yardar iyaye. In ta ce a'a, an gama magana.

Sauti

Malami zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba, kuma CapCut ba ta iya gyara muryar da ba a naɗa da kyau ba. Tana da maɓallin rage hayaniya, wanda a wasu sigogin ma na masu biya ne. Yana taimakawa a kan ƙara mai tafiya bai ɗaya, irin ta fanka ko janareta daga nesa. A kan hon ɗin trotro, da yaron mota mai kiran Circle, da babur, da injin niƙa, abin da yake yi shi ne ya cinye rabin muryar ya bar ta kamar daga cikin tulu.

Nisa ne asalin matsalar. Wayar da ke ɗaukar hoto tana taku uku ko huɗu daga mai magana, makirufonta kuwa duk abin da ke kewaye yake kwasa. Maganin da ba ya cin kuɗi: waya ta biyu a aljihun gaba na mai magana, ko a hannun mai tambaya ƙasa da inda kyamara ke gani, tazarar kamu ɗaya ko biyu daga baki. Ita ma ta naɗa a matsayin bidiyo, ko da baƙin aljihu kawai take ɗauka, domin ciro sauti daga bidiyo a CapCut ya fi sauƙi a kan shigo da fayil ɗin murya, musamman a iPhone. Bayan an kunna wayoyin biyu, wani ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara. Wajen tacewa a ciro sautin faifan biyu, tafin zai fito a matsayin tsini a zanen sautin kowanne, a buɗa layin sosai a daidaita tsinin biyu, sannan a kashe sautin kyamara. A riƙa yanke ɗauka gajere-gajere, minti 2 ko 3. Wayoyi ba sa riƙe adadin firem daram, don haka a doguwar hira baki da murya kan fara rabuwa can wajen ƙarshe.

Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, mai waya ko maras waya, yana nan a shagunan Tip Toe Lane da ke Circle. In rukuni zai yi karo-karo ya sayi abu ɗaya, shi ne, ba fitilar zobe ba. A gwada shi a shagon da ainihin wayar da za a yi aiki da ita, a naɗa a saurara. Akwai masu bakin USB-C da ba sa aiki sai an kunna OTG a saiti, akwai kuma wayoyin da kyamararsu ke ƙin karɓar makirufon waje. A maƙala shi a inda mayafi ko sarƙa ba za su riƙa gogarsa ba.

Muryar mai bayani kuwa a naɗe ta daban, a ɗaki mai katifa da labule da tufafi, fanka a kashe, ba a aji mai siminti da ke amsa kuwwa ba. A duba lokacin kiran salla, kuma in damina ce kada a zauna ƙarƙashin rufin kwano. A rubuta abin da za a faɗa tukuna. Mai karatu a natse kan yi kalma 130 zuwa 150 a minti, saboda haka bidiyon minti 3 bai wuce kalma 450 ba, in ma babu hira a ciki. Rubutun shafi uku ba zai shiga ba, kuma ƙara wa murya gudu don ta shiga abu ne da kowa ke ganewa.

Kiɗa: ma'aunin ƙarfin sauti a CapCut daga 100 yake farawa. In murya na kan 100, kiɗan da ke ƙarƙashinta ya zauna tsakanin 10 da 15. A saurara ta lasifikar waya, ba ta abin kunne kaɗai ba, don abin kunne na ɓoye cewa kiɗa ya danne magana. Waƙoƙin da ke cikin manhajar kuma ba duka aka ba da izinin amfani da su a wajen TikTok ba. A aji babu wanda zai tanka, amma in malami ya ce a ɗora a YouTube, ana iya samun ƙorafin haƙƙin mallaka ko a rufe sautin.

Alamar Pro

Wannan ne abin da ya fi ba mu haushi a manhajar. Kayan kyauta da na biya a gauraye suke a jeri ɗaya, bambancinsu 'yar ƙaramar alama ce a kusurwa. Manhajar za ta bari a saka na biyan, a gani, a ci gaba da aiki. Sai an zo fitar da faifai, galibi daren da za a miƙa, sannan ta tsaya ta ce a biya ko a cire. In tasirin na cikin wurare 12, sai an bi su an cire. Kuma abin da ke kyauta a wannan watan yana iya komawa na biya bayan an sabunta manhajar, shi ya sa bidiyon koyarwa na bara kan nuna abin da yau ba ya buɗuwa. Dabara biyu: kada a taɓa duk abin da ke da alamar, kuma da an jera minti na farko a gwada fitarwa, a sake gwadawa kowane zama. In aka karɓi gwajin kyauta na kwanaki, a san cewa yana sabunta kansa ya ciri kuɗi in ba a soke shi ba.

Akwai masu saka wa mutane wata CapCut da aka fasa, wai komai a buɗe. Ba mu ba da shawara ba. Ba a san wanda ya taɓa cikinta ba, tana neman izinin shiga ma'ajiyar waya, kuma wayar nan ita ce mai MoMo, asusun kuɗi na waya. Banda haka takan daina aiki rana ɗaya ta tafi da aikin da ke cikinta.

Gaskiya ma aikin aji ba ya buƙatar kayan adon. Yanka kai tsaye daga hoto zuwa hoto ya fi juyi da walƙiya da girgiza a kowace daƙiƙa 4. Samfuran da aka riga aka shirya, waɗanda ake zuba hotuna kawai su fito da kiɗa, na bikin zagayowar haihuwa ne, kuma sukan fito da tambarin manhajar a kusurwa. Ɗan faifan tambari da take liƙawa a ƙarshen aiki kuwa ana taɓa shi a goge, ko a kashe shi gaba ɗaya a saiti.

Rubutu a kan allo yana da nasa. Yawancin ayyukan nan da Turanci ake miƙa su, amma hirar da aka yi a Zango da Hausa take, wani lokaci da Twi ko Ga, don haka sai an sa fassara a ƙasa. Rubutun da manhajar ke yi da kanta daga murya ba abin dogaro ba ne a Hausa. Ko a Turancinmu na Ghana sai an bi shi layi-layi, musamman sunayen mutane da unguwanni. Da hannu za a rubuta, kuma a ware masa lokaci, don hirar minti 2 na iya cin awa guda. Layi biyu ya isa a lokaci ɗaya, kowanne kada ya wuce harafi 40, farin rubutu da baƙin gefe ko baƙar shimfiɗa a baya, a ɗan ɗaga shi daga ƙasan allo don majigi kan yanke gefe. A gyara na farko yadda ake so, a riƙa kwafarsa ana sauya kalmomin, don girma da wuri su zama ɗaya. Masu rubuta Hausa ko Twi su lura: da yawa daga salon haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ba su da ɛ da ɔ. Sai harafin ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya maye gurbinsa. A rubuta "ƙaiƙayi, ɗaɗɗaya, ɓarawo" a gwada salon kafin a zaɓe shi. Gboard, manhajar rubutu ta Google, na da allon Hausa mai waɗannan haruffa.

Kuma kada a sa rubutu ko kiɗa sai an gama yanka. In aka cire daƙiƙa 5 daga farkon bidiyo bayan an jera fassara, hoto zai matsa, fassarar da kiɗan ba lallai su bi shi ba, sai a koma ana jan su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin shi ne hoto da murya tukuna, kowa a rukunin ya kalla ya yarda, sannan kiɗa, sannan rubutu, sunayen 'yan rukuni da lambobinsu a ƙarshe. A nan ne ma ake raba aiki yadda ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba: tunda hannu ɗaya ne ke iya taɓa wayar, sauran su rubuta fassarar a takarda da lokacin kowace jimla, su zaɓo faifan da za a yi amfani da su, su duba sunaye.

Wajen fitarwa, a saman allo ake zaɓar inganci. A sa 1080p, firem daidai da wanda aka ɗauka, ƙarfin bidiyo, wato yawan megabit ɗin da yake ci a daƙiƙa, a bar shi a matsakaici. Manhajar na nuna kiyasin nauyin fayil kafin a danna. Don a san abin da ake tsammani: bidiyo mai megabit 8 a daƙiƙa yana cin 60MB a minti, wato minti 5 wajen 300MB. In dandalin makaranta, irin Sakai na Legon, ya ƙi karɓar fayil saboda nauyi, a sauko 720p ko a ɗora a Google Drive, mai ba da 15GB kyauta, a miƙa mahaɗin. A tabbatar an buɗe shi ga duk mai mahaɗin, a gwada daga wayar da ba ta mai asusun ba. Lokacin fitarwa a cire wa waya riga, caji ya haura rabi, kada a fita daga manhajar ko a bar allo ya mutu. Kada kuma a bar wannan sai daren ƙarshe da dogaro cewa wuta za ta zauna. A kalli faifan da ya fito daga farko har ƙarshe, ba a cikin manhajar ba, domin baƙin firem tsakanin faifai biyu da kuskuren suna a nan ake kama su.

Ranar nunawa, faifan ya kasance a filashi da kuma a waya. In an haɗa laptop da majigi ta HDMI, sauti kan koma majigin, wanda lasifikarsa ba ta kai bayan aji ko ma babu ita; sai a shiga saitin sauti a mayar da shi. Lasifikar Bluetooth na ceto, amma wasu na jinkirta murya har a ga baki ya riga ta, don haka mai igiya ta fi. Manhajar VLC na buɗe kusan kowane irin fayil in na'urar kunna bidiyo ta laptop ɗin ta ƙi.

Ga waɗanda alamar Pro ta ishe su, manhajar VN na yin kusan duk aikin nan ba tare da tambari ba, kuma layukanta sun fi kama da na kwamfuta, sai dai tana ɗan buƙatar sabo. InShot ta fi sauƙi amma ta fi dacewa da gajeren abu, KineMaster ta kyauta kuwa tana barin tambarinta a kan bidiyo. In akwai mai laptop a rukunin, tacewa a can ta fi daɗi nesa ba kusa ba, ko don mutum uku su iya kallon allo tare: CapCut ta kwamfuta, ko Clipchamp da ke zuwa da Windows 11 tana fitar da 1080p kyauta. DaVinci Resolve kyauta ce kuma ta ƙwararru ce, ɗaliban fim da aikin jarida su koye ta, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ba a fara koyonta ana saura kwana 5 a miƙa aiki.

Rukunin da aikinsa ya shafi hira da marasa lafiya, ko yara, ko wanda ya yi magana bisa sharaɗin cewa aji kaɗai zai gani, ya tace a waya kawai, kada ya ɗora ɗanyen faifan a ma'ajiyar intanet ta manhajar. Sharuɗɗan amfani da ita sun ba kamfanin izini mai faɗi a kan abin da aka ɗora masa, kuma Hajiyar da ta yarda a ɗauke ta don aikin makaranta ba da wannan ta yarda ba.